Zuciyar Matashi Tsakanin Waya da Wazifa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa.

A ƙasar Damargu, daga Tanut zuwa Belbeji, da an gama girbin gero sai samari su tafi cirani Agadas, Libiya ko Aljeriya. Ƙanin da aka bari gida yana kwana da waya a hannu, yana kallon hotunansu a WhatsApp da TikTok: sabbin tufafi, kuɗi a baje. Ba a nuna masa ƙishirwar hamada. Barci ya ƙaurace masa, ya raina gonar mahaifinsa, ya raina kansa.

Laifin waya ne? Malaman tasawwufi sun san cutar tun kafin a ƙera waya: mai nunawa riya ke damunsa, mai kallo hassada da rashin ƙana'a. Annabi (SAW) ya hori mumini ya dubi na ƙasa da shi a abin duniya, ita kuwa waya kullum na sama take nunawa.

Ƙwace ta ba ya warkar da zuciya. Muƙaddamin da ya ga yaro ya daina zuwa wazifa, ya yi shiru, ya rame, ya zauna ya saurare shi kafin wa'azi. In damuwar ta tsananta, a kai shi wurin likita.

Allah Ya tsare zukatan 'ya'yan Musulmi, amin.