Kyautar da Ta Ƙetare Iyaka Huɗu

Karatu: 2 Korantiyawa 8:1-15, Romawa 15:25-32

Bari mu ce akwai wani iyali na masu bi a Zariya, uba da uwa da 'ya'ya uku. Wani ɗan'uwansu da ke kasuwanci a Abijan, can ƙasar Kwaddebuwa, ya ba su labarin wata makaranta a unguwar Bracodi, inda yara da yawa suke zuwa aji hannu rabbana. Tausayi ya kama su. Suka tara littattafan rubutu da fensir da jakunkuna, suka ce a hutun bana za su je da kansu su kai, yaran ma su gani da idonsu. Duk wanda ya ji zai ce Allah ya yi albarka, ni ma haka zan ce. Amma kafin a ɗaure kaya, akwai tambayar da ya kamata mai gida ya yi wa zuciyarsa a gaban Ubangiji: wannan tafiya domin wa za a yi ta?

Bracodi tana cikin Adjamé, gundumar babbar kasuwa da tashoshin mota na Abijan. A hayin ruwa kuma akwai Treichville, kusa da tashar jiragen ruwa wadda ta bunƙasa bayan da aka buɗe mashigin Vridi a 1950. Layin dogo daga Abijan ya kai Wagadugu a 1954, kuma ta hanyoyi irin waɗannan mutanen arewa suka yi ta gangarowa neman abinci. Hausawan Nijar da na Najeriya sun daɗe a waɗannan unguwanni, masu tireda da mahauta da 'yan goro da ke ɗauko kaya a Anyama. Yaron da aka haifa a can yana jin Hausa a gida, ya ji Julanci a kasuwa, a aji kuwa sai Faransanci. Iyalinmu na Zariya za su sami mai amsa musu sallama da harshensu. Wannan yana iya ruɗinsu, su ɗauka sun san wurin tun ba su kwana ba.

Mu fara da lissafi, gama Allah bai hana mu lissafi ba. Mai tafiya ta ƙasa zai bi ta Legas, ya shiga Benin, ya wuce Togo, ya ratsa Gana, kafin ya taka Kwaddebuwa. Iyaka huɗu ke nan, kuma daga Legas kaɗai tafiyar kusan kilomita 1,000 ce. A haɗa kuɗin motar mutum biyar, zuwa da dawowa, da takardu, da abinci, da masauki. In jirgin sama ne, ba a magana. Kusan kullum kuɗin hanya zai ninka kuɗin kayan da ke cikin kwali. Littafin rubutun nan kuwa ana sayar da shi jibge a kasuwar Adjamé, tafiyar ƙafa daga makarantar. Wataƙila ma mai teburin da ke sayar da shi uwar ɗaya daga cikin yaran ce, wadda take jiran cinikin Satumba domin ta biya kuɗin haya. Kwalin da ya zo daga waje kyauta zai rage mata ciniki, alhali kuɗin da aka aiko aka yi sayayya a wurinta zai taimaki gida biyu.

Littafi Mai Tsarki bai raina irin wannan hankali ba. A Ayyukan Manzanni sura 11, da aka yi annabcin yunwar da ta auku a zamanin Kalaudiyas, masu bi na Antakiya sun tara gudummawa, kowa gwargwadon ƙarfinsa, suka danƙa wa mutum biyu, Barnaba da Shawulu. Ikilisiyar ba ta tashi gaba ɗaya ta tafi Yahudiya kallon mayunwata ba.

Duk da haka, ka yi hankali da lissafi, domin Yahuza ma ya iya shi. A Betanya, da Maryamu ta zuba wa Yesu turare mai tsada, shi ne ya yi wuf ya ƙiyasta kuɗinsa dinari 300, ya kawo zancen matalauta. Ubangiji bai goyi bayansa ba. Akwai abin da kuɗi ta waya ba ya kaiwa. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake. Manzo Bulus kansa, sa'ad da ya gama tara gudummawar Makidoniya da Akaya, zuciyarsa tana kan Roma da Asbaniya, wato yamma. Sai ya juya gabas, ya nufi Urushalima da kansa, yana sane da hatsarin da ke jiransa. Ya yi haka domin kyautar ta al'ummai ce zuwa ga 'yan'uwansu Yahudawa, mutanen da ke da tsohuwar rashin yarda a tsakaninsu, kuma irin wannan ɓaraka fuska da fuska ake ɗinke ta. Saboda haka ba zan ce wa iyalin Zariya su zauna gida ba. In zumunci ne zai kai su, kuɗin motar ba asara ba ne.

To, yaya za a gane ko zumunci ne? Dubi abin da Bulus ya roƙi Romawa a ƙarshen sura 15. Ya ce su taya shi addu'a domin tsarkaka na Urushalima su karɓi hidimar da yake kai musu. Ka tsaya a nan kaɗan. Mutum ya shafe shekaru yana tara kuɗi daga gari zuwa gari, zai kai wa matalauta, amma yana fargaba ko za su karɓa. Mu yau wa yake irin wannan fargaba? Mun saba ɗauka cewa mabukaci ba shi da zaɓi, duk abin da aka miƙa masa sai godiya. Bulus ya san mai karɓa mutum ne mai ra'ayi, yana da ikon ya ce a'a. Ubangijinmu ma haka ya yi a bakin Yariko. Kowa yana ganin Bartimawas makaho ne, kowa zai iya cewa ai bukatarsa a fili take. Yesu bai warkar da shi ba sai da ya tambaye shi abin da yake so, ya bar shi ya faɗa da bakinsa.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da iyalin nan za su kira shugaban makarantar tun kafin su sayi ko da fensir ɗaya, da sun ji abubuwan da ba za su taɓa sani daga Zariya ba. Da farko zai gaya musu cewa a watan Agusta makaranta a rufe take, sai Satumba ake komawa. Zai gaya musu cewa littafin rubutun Najeriya mai layi ɗaya ɗaya ba shi malamai suke nema ba. A makarantun da suka gaji tsarin Faransa ana koyon rubutu a kan layin Seyès, mai ƙananan layuka uku tsakanin kowane manya biyu, da wasu a tsaye, domin yaro ya san iyakar tsawon kowane harafi. 'Yan ajin farko kuma allon hannu da alli suka fi bukata. Littattafan labarai na Turancin Ingila, komai kyan hotunansu, za su kwanta a kabad ƙura ta rufe su.

Wataƙila ma ya ce littafi ba shi ne damuwarsa ba. Tun 2015 doka ta wajabta karatu a Kwaddebuwa ga yara daga shekara 6 zuwa 16, kuma gwamnati takan raba kayan karatu a firamarenta. Abin da ke hana shi barci yana iya zama benci, ko makewayi, ko rufin da ke zuba in damina ta sauka. Yana iya zama takarda. Yaron da ba a yi masa rajistar haihuwa ba yakan yi karatu shekara shida, in ya isa jarrabawar CEPE ta gama firamare sai rashin takardar haihuwa ya tsaya masa a gaba. Matsalar ta kai har ƙasar ta yi dokoki a 2018 domin sauƙaƙa wa irin waɗannan yara. Taimakon uba ya bi layin ofis ya samo wa 'yarsa takarda ba ya ɗaukuwa a hoto, amma yana iya zama shi ne abin da zai kai ta sakandare.

Tun da mun ambaci hoto, mu faɗi gaskiya. Mun san yadda ake yi. A jera yara a rana, kowa ya ɗaga littafinsa sama, a ce su yi murmushi, kafin yamma an sa a Facebook. Yesu ya yi magana a Matiyu sura 6 game da masu shelar sadakarsu, ya ce sun riga sun karɓi ladansu. A zamaninsa shelar ba ta wuce majami'a da bakin titi ba. Ta yau tana zagaya duniya, ba ta kuma gogewa. Yarinyar da ke cikin hoton tana da uba. Mutumin nan yana fita tun asuba yana tura amalanke ko yana yankan nama domin kada a ce ya kasa. Ba wanda ya tambaye shi ko ya yarda a nuna wa duniya 'yarsa a matsayin abar tausayi. Ya fi kyau a danƙa kayan ga shugaban makaranta da kwamitin iyaye, su raba yadda suka san ba zai kunyata kowa ba, ko da yaron zai ɗauka babansa ne ya saya.

'Ya'yan masu kyautar fa, me za su koyo? Iyaye sukan ce mun kai su ne su ga yadda wasu ke shan wahala, su gode wa Allah. Wannan magana tana ba ni tsoro, domin ta yi kusa da addu'ar Bafarisiyen nan na Luka sura 18, wanda godiyarsa ta tsaya a kan cewa shi ya fi na kusa da shi. Yaron Bracodi ba darasi ba ne da aka ajiye domin gyaran tarbiyyar yaron Zariya. In an bar su sun buga ƙwallo tare, na Zariya zai tarar cewa abokin nasa yana jin harshe uku, yana lissafin canjin sefa da ka kafin shi ya zaro biro. Ya koma gida da sunan aboki da girmamawa, wannan ya isa riba.

Akwai wani abu kuma da ya shafe mu masu bi musamman. Yawancin Hausawan Adjamé da Treichville Musulmi ne. Kada a cusa takardun wa'azi cikin jakar yaro a bayan idon iyayensa. In an tambaye ku ku su wane ne, ku faɗa a fili, ba kunya, ba ɓoyo. Amma littafin rubutu ba ƙugiya ba ne. Kutare goma Yesu ya warkar, ɗaya kaɗai ya dawo, bai kuwa janye lafiyar sauran taran ba.

In kun isa, za a kawo muku ruwa, za a kawo abinci. Wataƙila garba ne, wato acheke da soyayyen kifi, abincin da duk Abijan ke ci, wanda ake cewa sunansa ya samo asali daga 'yan Nijar da suka yi fice wajen sayar da shi. Ku ci. Kada uwar gida ta zaro nata abincin gwangwani, kada mai gida ya sa hannu a aljihu zai biya. A al'adarmu wanda aka kawo wa kyauta yakan ba da tukuici, kuma ƙin karɓarsa cin fuska ne. Bulus ya gaya wa Korantiyawa cewa nufin gudummawar shi ne a daidaita, yalwar wannan ta rufe rashin wancan yau, wata rana kuma abin ya juya. Wanda bai iya karɓa daga hannun talaka ba bai ɗauke shi ɗan'uwa ba tukuna.

Sai maganar baɗi. Littafi mai shafi 100 ba zai kai Kirsimeti ba, alli ma ya ƙare tun kafin nan. Korantiyawa su ne suka fara ɗokin bayarwa, har Bulus ya yi fahariya da su a Makidoniya, amma shekara ta zagayo ba su cika ba, sai da ya aika musu Titus. Tun a wasiƙarsa ta fari ya ba su hanya mai sauƙi: kowace ranar farko ta mako kowa ya ware wani abu ya ajiye. Iyalin Zariya za su iya yin haka da ɗan asusu a kan tebur, yaran su riƙa jefa nasu. In Agusta ta yi, uba ya kira shugaban makarantar, ya gaishe shi, ya tambayi iyalinsa, sa'an nan ya tambaye shi abin da ake bukata bana. Ɗan'uwansu na kasuwa ya karɓi kuɗin, ya saya a Adjamé, ya kai.

Addu'a: Ya Uba, ka tuna da malaman Adjamé da Treichville da yaran da ke gabansu, da iyayen da ke neman takardar haihuwar 'ya'yansu. Ka kiyaye matafiya a kan iyakoki. Cikin sunan Yesu, Amin.