Gyaɗa ɗaya, baki biyu

An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce in gani a ƙasa. Karin maganar nan ta san matsayin kare sarai: rabonsa shi ne abin da ya faɗo, ƙashi ko ƙanzon tukunya, kuma ba ya sa rai da abin da idonsa bai gani ba. To amma akwai ƙasashen da kare ba ya jiran komi ya faɗo, domin bikin ma nasa ne. A Amurka, mace kan keɓe yammacin Lahadi don ta gasa wa karen gidanta biskit. Takan kwaɓa garin alkama kamar kofi 2 da rabin kofi na niƙaƙƙiyar gyaɗa, irin wadda ba a matse manta ba, ta fasa ƙwai, wani lokaci ta ƙara dafaffiyar kabewa. Sai ta murza kwaɓin ya yi faɗi, ta yanyanka shi da wani ɗan ƙarfe mai siffar ƙashi, ta jera a faranti, ta sa a tanderu mai zafin digiri 180 na kamar minti 20. Duk wannan lokaci karen yana zaune a bakin madafa yana kaɗa wutsiya.

Wanda ya ji labarin nan a Maraɗi ko Damagaram, dariya ce za ta fara zo masa, daga baya kuma wani abu mai kama da fushi ya biyo. Fushin yana da dalili. A wannan yanki gyaɗa ba abin wasa ba ce. Ita ce ta riƙe tattalin arzikin Nijar kafin ma'adinin uraniyom ya karɓe ta, har aka kafa mata kamfanin SONARA a 1962. Ita ce kuma sana'ar dubban mata masu matsar mai da suyar ƙuli-ƙuli. Sannan ga abin da ya faru a 2005, wanda ba a manta ba.

A wannan shekara, bayan fari da farin ɗango na 2004, cibiyoyin kula da yara masu tamowa suka cika maƙil a jihar Maraɗi. Abin da ya ceci da yawa daga cikin yaran wani ɗan ƙunshi ne mai nauyin giram 92, wanda likita André Briend da Michel Lescanne suka ƙirƙiro a Faransa a 1996, aka sa masa suna Plumpy'Nut. Ba komi ba ne a cikinsa illa niƙaƙƙiyar gyaɗa da garin madara da sukari da mai da sinadaran gina jiki. Ba ya buƙatar ruwa ko wuta, uwa na iya ba ɗanta a gida. Ƙungiyar likitoci ta MSF kaɗai ta yi jinyar yara sama da 60,000 a Nijar a shekarar. Iyaye mata kuwa ba su wahalar da harshensu da sunan Turawa ba, suka kira shi biskit.

Ga gyaɗa ɗaya, ga suna ɗaya, ga baki biyu. Ɗaya na yaron da hannunsa bai fi kaurin kara ba, ɗaya na karen da ya riga ya ci ya ƙoshi. Tambayar da ke tasowa ita ce: shin matar da ke gasa biskit ɗin kare ta aikata wani laifi?

Wanda ya fi kowa tsananta wannan tuhuma shi ne masanin falsafa ɗan Ostireliya, Peter Singer, a wata maƙala da ya buga a 1972, lokacin da ƴan gudun hijirar gabashin Bengal ke mutuwa da yunwa. Ya ba da misalin mutumin da ya ga yaro yana nutsewa a ɗan tafki. Ba mai hankalin da zai wuce don gudun kada tufafinsa su ɓaci. To, in ji shi, nisan wuri ba ya rage nauyin rai. Wanda ke da halin ceton yaro a wata nahiya da kuɗin da zai kashe a kan abin marmari, ya ƙi, bai bambanta da wancan mai wucewa ba. Ƙididdiga ma kamar tana goyon bayansa. A 2023 Amurkawa sun kashe dalar Amurka miliyar 147 a kan dabbobin gida, wato ninki 8 da ɗoriya na dukan abin da Nijar ta samar a shekarar.

Sai dai wannan lissafi, duk da yana girgiza zuciya, yana ɓoye wani kuskure. Yana sa mutum ya ɗauka duniya rumbu ɗaya ce, abin da kare ya ci an ɗebe shi ne daga kwanon yaro. Ba haka abin yake ba. A 2005 hatsi bai ɓace daga kasuwannin Maraɗi ba. Farashinsa ne ya yi tashin gwauron zabo, ya fi ƙarfin manomin da ya sayar da nasa da araha tun kaka. Masanin tattalin arziki Amartya Sen ya riga ya nuna tun 1981 cewa yunwa takan kashe mutane ko da abinci na nan, idan hanyar da suke bi su kai gare shi ta toshe. Da matar nan za ta fasa gashinta na ranar Lahadi, rabin kofin gyaɗarta zai koma cikin kwalba ne kawai, ba zai kama hanyar Madarumfa ba.

Akwai ma abin da ya fi haka. A cikin wancan tulin kuɗi, biskit ɗin da aka gasa a gida yana cikin abubuwan da suka fi araha, kuma yaɗuwarsa tana da tarihi. Tun wajen 1860, da wani Ba'amurke mai suna James Spratt ya fara sayar da biskit ɗin kare a Landan, masana'antu ne ke ciyar da karnukan Turawa. A watan Maris na 2007 aka gano cewa an gauraya wani sinadari mai suna melamin a cikin kayan haɗin da aka sayo daga ƙasar Sin, don ya nuna kamar suna da sinadarin gina jiki mai yawa. Karnuka da kyanwoyi suka riƙa mutuwa da ciwon ƙoda, aka janye miliyoyin gwangwanaye daga kantuna. Mutane da yawa daga nan suka koma madafa. Ashe abin da ake gani kamar sangarta, wani ɓangarensa rashin yarda ne da abin da hannun mutum bai taɓa ba, irin rashin yardar da ke sa uwa ta fi son ta dama kunu da kanta.

Shi kansa aikin yana da wata daraja da mai dariya ba ya lura da ita. Wanda zai gasa wa kare abinci dole ya fara koyon cewa kare ba mutum ba ne. Cakulan da ke faranta wa yaro rai guba ce gare shi. Haka zabibi, haka albasa. Wasu kamfanoni kan sa wani abin zaƙi mai suna zilitol a cikin niƙaƙƙiyar gyaɗa a madadin sukari. Ba ya cutar da mutum, amma idan kare ya ci, jikinsa kan saki insulin da yawa a lokaci ɗaya, sukarin jininsa ya faɗi, wani lokaci hantarsa ta lalace. Saboda haka mai gashin nan takan tsaya a kanti tana karanta ƙananan rubutun da ke bayan kwalba. Ta ajiye abin da ita take so, ta nemi sanin abin da wata halitta dabam ke buƙata, halittar da ba za ta iya faɗa da baki ba. Wannan shi ne mafarin kowane irin kirki, ko ga mutum ko ga dabba.

Addini bai raina wannan ba. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da ya sauka cikin rijiya ya ɗebo ruwa da takalminsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, aka gafarta masa saboda haka. Mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta yankin nan, tana ɗaukar kare mai rai a matsayin mai tsarki. Shi kuwa Immanuel Kant, wanda bai yarda dabba tana da haƙƙi na kanta a kan mutum ba, ya yarda cewa mai ƙuntata wa dabba zuciyarsa takan bushe har ga mutane. Hanyoyin sun bambanta, amma sun haɗu a kan cewa tausayin kare ba asara ba ne.

Amma a lura da mutumin rijiya: ruwa ya ba kare, domin ƙishirwa ce ke damunsa. A nan ne siffar ƙashin nan take tona wani asiri. Kare bai damu ba ko biskit ɗin zagaye ne ko mai kusurwa. Hancinsa ne ke yi masa jagora, kuma loma ɗaya zai yi da shi. Siffar don idon mai gashi aka yi ta, da idon waɗanda za a nuna wa hoton. Wannan kaɗai ba laifi ba ne, ai ko akushi akan yi wa zane alhali tuwo bai san da shi ba. Inda abin ke ɓaci shi ne lokacin da daɗin bayarwa ya rinjayi amfanin wanda ake ba. Likitocin dabbobi suna gargaɗin kada irin wannan ƙwalama ta wuce kashi 10 cikin 100 na abincin kare a yini, amma binciken da aka yi a Amurka a 2022 ya nuna fiye da rabin karnukan gida sun yi ƙiba fiye da kima. Karen da ke haki kafin ya hau matakala uku, ba ƙauna ce ta yi masa yawa ba. An mai da shi madubi ne da uwargijiyarsa ke kallon kirkinta a ciki.

Shi ma mai dariya yana da tambayar da zai amsa. Ragon da ake kiwo don layya ana ba shi dusa da harawa har da tunkuza, a unguwar da wani ya kwana bai ci ba. Za a ce rago jari ne, kuma gaskiya ne. To dokin hawan salla fa, wanda ke cin dawa da kanwa shekara guda don kwalliyar kwana biyu? Makiyayan Azawak kuma suna raba madara da karnukansu na farauta, ba wanda ya kira su mahaukata. Ciyar da dabba daga abincin mutum ba baƙon abu ba ne a ko'ina. Abin da ya bambanta shi ne wace dabba kowace al'umma ta zaɓa ta girmama. Kuma yaron da ya jefi karen bola da dutse, da babban da ya gani ya yi shiru, ba su ƙara wa wani mai tamowa ko loma ɗaya ba.

Idan aka duba da kyau, ba kasancewarsa kare ba ce ta samar wa wancan kare biskit. A Amurkar nan dai, kowace shekara ana kashe dubban ɗaruruwan karnuka a gidajen ajiyar dabbobi saboda ba wanda ya zo ya ɗauke su. Bambancin karen madafa da karen keji shi ne ɗaya yana da wanda ya san sunansa. Ɗan Adam haka aka gina shi: yana ciyar da na kusa da shi, wanda yake gani, wanda zai yi kewarsa. Singer yana son a rushe wannan fifiko, amma duniyar da uba zai auna ɗansa da ɗan wani a sikeli ɗaya kafin ya saya masa magani, ba lalle ta fi wannan daɗin zama ba. Fifita na kusa ba shi ne cutar ba. Cutar ita ce mutum ya ɗauka cewa da ya sallami na kusa, ya gama da kowa.

A nan ne abin da ya rage na tuhumar yake kama matar nan, kuma ya kama ta da ƙarfi. Wadda ta iya karanta bayan kwalba don kada karenta ya ci zilitol, ba za ta ce ba ta iya sanin abin da ake yi da sunanta ba. Jihar Jojiya ce ta fi kowace jiha noman gyaɗa a Amurka, kuma daga irin gonakinta ake samun gyaɗar da ke cikin kwalbarta. A jihar, a garin Fitzgerald, akwai masana'antar MANA Nutrition da ke yin irin wancan ƙunshi na yara masu tamowa; akwai wata, Edesia, a jihar Rod Ailan. Kafin 2025, babban mai sayen kayansu shi ne hukumar agaji ta USAID, da kuɗin harajin mutane irin matar nan. A farkon 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da yawancin agajin da take bai wa ƙasashen waje. Aka soke kwangilolin masana'antun, aka dawo da su bayan ƴan kwanaki, amma jigilar kaya ta cije, kuma a watan Yuli na shekarar aka rufe hukumar. Wannan shawara, ba rabin kofin gyaɗa ba, ita ce mai iya raba yaro da biskit ɗinsa. An yanke ta ne a Washinton, a ƙasar da mai gashin take da ƙuri'a, take kuma da wakilin da za ta iya rubuta wa wasiƙa cikin minti 20 ɗin da take jiran tanderu.

Kowane kwali na wannan abinci yana ɗauke da ƙunshi 150, kimanin abin da yaro ɗaya ke buƙata na mako 6 zuwa 8 kafin ya miƙe. A watannin nan na 2025, dubban irin waɗannan kwalaye sun yi ta zama jere a ma'ajiyar Rod Ailan, an gama su, an liƙe, ana jiran takardar da za ta ba da izinin loda su a jirgin ruwa.