Kama da Wane Ba Ta Wane

Duk matashin da ya ƙudiri aniyar harhaɗa kwamfutar tebur da hannunsa, tambayarsa ta farko a shago ba ta wuce guda: "Maigida, akwai i7?" Sunan furosesa ne ya cika masa kunne. Madabod kuwa, faifan nan da ake dasa komai a kansa, canjin da ya rage ake ware masa. A ganina daga nan asarar mai ƙaramin aljihu take somawa, don ya biya kuɗin suna bai tambayi zamani ba.

Ga i7-3770, wanda Intel ya fitar a 2012, ga kuma i3-12100 na 2022. Kowannensu ƙwaya huɗu gare shi, amma ƙaramin mai suna i3 ya yi wa tsohon fintinkau a gudu. Mai shago ba ƙarya ya yi ba da ya ce i7 ne. Bai dai faɗi shekarunsa ba, kai ma ba ka tambaya ba.

Kamfanoni biyu ne ke riƙe da wannan kasuwa, Intel da AMD, dukkansu na Amurka, kuma kowanne da irin soket ɗin da furosesansa ke zama a ciki. Na wannan ba ya shiga na wancan, kowa ya san haka. Abin da ke yaudarar mutane shi ne wanda ya shiga amma bai dace ba. A 2015 Intel ya kawo soket LGA 1151 don zubi na shida na furosesansa, aka ci gaba da shi a na bakwai. Da zubi na takwas ya fito a 2017, sai ya zo da soket mai suna ɗaya da adadin fil ɗaya. Za ka ɗora sabon furosesa a tsohon bod, ya zauna daram, ka danne marufin ya rufu lafiya lau, ka kunna, shiru. An sauya aikin wasu fil ɗin daga ciki, ido kuwa ba ya ganin haka. Kama da wane ba ta wane. Kuma mu ɗin nan da muke yanke wa abu hukunci da siffarsa ko da sunan da ya ɗauko, ba a kan kayan kwamfuta kaɗai muke yi ba.

Harafi ɗaya ma yana iya cinye kasafin mutum. Furosesan Intel da ke ƙarewa da F, irin su i3-12100F, ya fi arha don ba shi da sashen fitar da hoto. Ramin HDMI na nan a bayan bod, amma ko ka jona waya allon ba zai nuna komai ba sai ka sayi katin hoto daban, wanda kuɗinsa ya ninka rarar da ka yi murnar samu. A soket AM4 na AMD kuma, a cikin jerin Ryzen, masu harafin G ne ke da hoto a jikinsu. Shi ya sa ga mai shagon buga takardu, ko ɗalibi, ko mai cike wa mutane fom a intanet, nake ganin Ryzen 5 5600G ya wadatar: ƙwaya shida, wutar da yake ci ba ta da yawa, kuma da fankarsa yake zuwa a kwali.

AMD ya yi wa talaka adalci da AM4. Tun 2016 soket ɗin yake, har bod ɗin B450 na 2018 yana karɓar 5600G na 2021. Sai dai da sharaɗi: a sabunta masa BIOS, 'yar manhajar da ke tayar da shi. Bod ɗin da ya daɗe a kanta bai san sabon furosesa ba, kuma in ba mai maɓallin sabuntawa na musamman ba ne, sai an ari tsohon furosesa kafin a yi aikin. A nan ne halin wutarmu yake shigowa. In aka ɗauke ta ana tsakiyar sabuntawa, bod na iya mutuwa murus. Ka sa mai shago ya yi a gabanka, a kan inbata.

Batun ram gajere ne. DDR4 da DDR5 ba sa shiga ramin juna, kuma soket AM5 na AMD da ya fito a 2022 DDR5 kawai yake ɗauka. In giga 16 za ka saya, gara sanda biyu masu takwas-takwas da guda ɗaya, musamman idan furosesan ne ke fitar da hoto.

Ba cewa nake a zuba kuɗi a bod mai fitilu kala-kala ba, wannan ado ne. A520, B450 ko H610 sun ishi aikin yau da kullum. Abin da zan duba shi ne ko akwai ƙarfen shanye zafi a kan sassan da ke kewaye da soket, masu tace wa furosesa wuta, don zafin Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ba ya raga wa na'ura. In kuma na hannu ne, haska tocila ka duba fil ɗin ɗaya bayan ɗaya. A Intel cikin soket suke, a AM4 kuwa a jikin furosesan. Ko guda ya lanƙwashe, ajiye musu kayansu ka nemi wani, kuma kada kuɗi ya bar hannunka sai an haɗa an kunna ka ga rubutu a allo.