Inabin Kudan da Dawar Samaru: Ina Alhakin Manomi Yake Tsayawa?

Da rani, duk mai bin titin Sakkwato daga Samaru zuwa PZ zai ga masu baro suna tallar inabi. Yawancinsa na gida ne, daga gonakin Kudan da Hunkuyi, ba irin na cikin roba da ake shigo da shi daga Afirka ta Kudu ba. Ƙanena yana cikin masu noma shi. Bara wani ɗan kasuwa daga Sabon Gari ya same shi a gona, ya ce wanda bai gama nuna ba yake so, mai tsami, har da wanda ya tsage, kuma ya taya sama da farashin kasuwa. Da aka tambaye shi dalili bai yi ɓoye-ɓoye ba, ya ce giya zai gwada haɗawa.

Da daddare ƙanen nawa ya kira ni. "Yaya, ni fa inabi zan sayar masa, ba giya ba. Abin da ya yi da shi ai tsakaninsa da Allah ne, ko?"

Ɗan kasuwar ya san abin da yake nema. A ƙasashen sanyi, kamar yankin Finger Lakes na jihar New York a Amurka, ana dasa inabi a gangaren tafkunan Seneca da Cayuga da Keuka. Ruwa mai zurfi yana riƙe ɗumi, ya kare kuringar daga kisan sanyi, sai 'ya'yan su nuna a hankali ba tare da tsaminsu ya gudu ba. Da irin wannan, musamman wanda ake kira Riesling, suke yin farar giya marar zaƙi, wato wadda yis ya cinye sukarinta tas. Zafin Zariya kuwa yana ɗaga zaƙi ya kashe tsami, shi ya sa mai sayen yake so a tsinke da wuri. Yis ɗin nan yana jikin ɓawon tun daga gona. Matse kawai za a yi a rufe, 'yan kwanaki su yi sauran aikin.

Alƙur'ani bai zagi inabi ba. Suratun Nahl ta lissafa shi cikin ni'imomi, kuma a aya ta 67 ta ambaci abin maye da arziki mai kyau suna fita daga itace guda. Hani ya zo daki-daki, ta Baƙara da Nisa'i, har ya ƙare a Ma'ida, aya ta 90. Sai hadisin da Tirmizi da Ibn Majah suka ruwaito ya faɗaɗa da'irar zuwa mutum goma, ciki har da mai matsewa, da mai dako, da mai cin kuɗin. Manomi ba ya cikin goman. A nan malamai suka rabu. Imamu Abu Hanifa ya ga cewa ruwan inabi ba saɓo ba ne a karan kansa, sai wani ya zaɓi ya mayar da shi haka, don haka ya halatta sayar da shi. Malikiyya, mazhabar da muka tashi a cikinta, da Hanbaliyya suka ce a toshe hanyar ɓarna tun daga nesa: idan ka san me za a yi da shi, kada ka sayar.

Ni ina tare da Malikiyya, amma iyakar sani. Ba a ɗora wa mai baro ya titsiye kowane mai saye da tambaya ba, in ba haka ba kasuwar Sabon Gari ta tashi, domin da sukari da gero da rake duk ana iya juya su zuwa giya. Kuma maƙwabcinka Kirista da addininsa bai hana shi giya ba, ba abin wulaƙantawa ba ne. Malikiyyar ce ma ta ce Musulmin da ya zubar da giyar wanda ba Musulmi ba da ke zaune cikin amana sai ya biya shi. Sai dai wanda aka gaya wa da baki ya riga ya ji. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Haka na gaya wa ƙanena, ya haƙura, ya yi asarar abin da ya tsage.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne dawa. A 1988 gwamnatin tarayya ta hana shigo da tsiron sha'ir, kamfanonin giya suka koma kan dawa. Ɗaya daga cikin irin da ya fi karɓuwa a wurinsu shi ne SK5912, gajeriyar kaura, wadda aka inganta a nan Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru. Masu binciken ba su yi laifi ba, abinci suka inganta, kuma tsiron dawar nan yana shiga lemon malt marar maye da muke saya wa 'ya'yanmu. Amma akwai dillalan da ke loda tirela bayan tirela, da takardar kwangila a hannu, sun san ƙofar da za a sauke. Idan ka yi magana sai a ce, "Ai ba mu san wane layi za a zuba ta ba." Wani da gaske bai sani ba. Wani kuwa ƙin tambaya ya yi don kada ya sani, kuma wannan ba jahilci ba ne, dabara ce.

Mun iya ɗaga murya a kan mai tukunyar burkutu da mai kwando biyar na inabi. Ina roƙon malamanmu na Zazzau su zauna da masana aikin gona da dillalan hatsi, su fitar da hukuncin kwangilar dawa a fili, su karanta shi a kan mumbari ko da mai tirelar yana zaune a sahun farko.