Mashayi Mai Laifi Ne Ko Majinyaci?

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, su ya zama babbar sana'a a bakin tafki, daga Yelwa har ƙasar Ngaski. Masunci kullum da kuɗi a hannu, kuma inda kuɗi ke yawo, nan mai burukutu ke girka tukunya. To, in muka ga magidanci ya sayar da tarunsa ya shanye, iyali na kwana da yunwa, me za mu kira shi, mai laifi ko majinyaci?

Waɗansu suka ce mai laifi ne, don ba wanda ya ɗura masa ƙwaryar farko. Gaskiya ne. Amma likitoci sun gano cewa in mutum ya daɗe yana sha, ƙwaƙwalwarsa takan saba da giya, har abin da ke bugar da shi bara ba ya isarsa bana. Ranar da ya rasa, sai hannu ya kama rawa, gumi ya keto, barci ya ƙaurace. Wani ma har farfaɗiya takan kama shi cikin kwana biyu ko uku. Saboda haka wanda ya yi nisa kada ya yanke farat ɗaya shi kaɗai a ɗaki, sai a kai shi asibiti.

Kun ga ashe laifi ne ya haifi ciwo. Laifi tuba ke kankare shi, ciwo kuwa sai jinya, kuma zagi bai taɓa warkar da kowa ba. Ko a zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, an sha hukunta wani mashayi, amma da wani ya la'ance shi sai aka hana. A Amurka ma, a 1935, mashaya biyu ne suka kafa ƙungiyar Alcoholics Anonymous, don sun lura wanda ya sha wahalar abu shi ya fi iya riƙe ɗan'uwansa.

To, jama'a, aikin ya rabu biyu. Mashayi ya yarda an fi ƙarfinsa, ya rabu da abokan sha. Dangi kuma su kai shi ga magani, su riƙe masa kuɗin kifi, su bar gori. In ya koma bayan wata uku, kada a ce ya lalace, a sake tallabarsa. Wanda kwale-kwale ya kife da shi, tsamo shi ake fara yi, faɗa sai an kai gaci.