Wanda Ya Kwana a Jirgi, Baƙo Ne?

Kakana ɗan dako ne a bakin Binuwai. Da damina in ruwa ya kawo, jiragen kamfani su taso har Jimeta, su sauke gishiri da atamfa, su yi lodin gyaɗa da auduga. Yakan ce kafin ka hango hayaƙin jirgi, jiniyarsa ta riga ta iso Rumde. Tun da Kamaru ta gama madatsar Lagdo a 1982, yashi ya ci mashigin, kwale-kwale da tifofi suka gaji wurin.

Kwanan baya ƙanena ya nuna mini jirgin 'yan yawon buɗe ido a wayarsa, bene kan bene. Ya ce, "Yaya, da za a yashe kogin nan irin waɗannan su riƙa zuwa, ai mun warke." Na yi dariya, don ko an yashe ba zai shigo ba. Amma maganar ta hana ni barci.

Mun taso muna jin baƙonka annabinka, malamai kuma suka koya mana haƙƙinsa kwana uku ne. To wane baƙo? Wanda ya yi sallama, ya sha ruwan randarka, ya sa hannu a akushinka, har ya ji nauyinka. Mutumin jirgin nan a jirgi yake ci, a jirgi yake kwana. Da hantsi ya sauko, ya ɗauki hoton masallaci da na tsohuwa mai tallar kifi ba tare da ya gaishe ta ba, kafin la'asar ya koma. Ni ban ga baƙunci a nan ba, kallo na gani.

Yola ta san bambancin. Bature matafiyi Barth da ya zo a 1851, ko da Lamiɗo Lawal ya sallame shi bayan 'yan kwanaki, a cikin gari ya kwana. Kamfanin Royal Niger kuwa daga jirgin da ya ɗaure a kogi yake cinikinsa, kuma ta kogin nan sojojin Turawa suka zo a 1901, Lamiɗo Zubairu ya bar gari. Ko Benis ta Italiya, da duk kuɗin da take samu, a 2021 an hana manyan jiragen 'yan yawon buɗe ido ratsa tsakiyarta.

Ba na cewa kuɗinsu haram ne, ciniki ne, kuma mai kifi tana bukata. Na dai ce wa ƙanena in sun zo ya sayar musu da hula, amma kada ya shimfiɗa tabarmar baƙi sai ga wanda ya cire takalmi. Ya ce, "Yaya, bari dai ruwan ya dawo tukuna."