Hukuncin Kintace a Cinikin Tsakuwa

Mai son zuba tsakuwa a ƙofar gida yakan ninka tsawo da faɗi da kauri, ta yadda fili mai mita 10 a mita 3, da kaurin santimita 10, zai ci kubik mita 3, sai dai mai tifa lodi yake sayarwa ba awo ba. Malikiyya sun halatta jizafi, wato sayar da tsibi bisa kintace, muddin an ga kayan, ƙasar da aka jibge su a kai shimfiɗaɗɗiya ce, kuma mai saye da mai sayarwa duk sun jahilci adadinsu, kamar yadda ya zo a Muhtasar Halil. Sharaɗin ƙarshen nan ya fi nauyi, domin direban da ya san lodinsa bai cika ba amma ya yi gum ya ha'inci ɗan'uwansa, kuma mai saye yana da damar fasa cinikin.